Mai Kunna Fitilar Dutsen Teku

A gidanmu na Gaya, can bakin kogi, wajen bandar kifi ne wurin hira. Kakata Dije, mahaifiyar babana, ita ke banda kifin da ake kawo mata daga Tunuga. Bayan magariba sai mu jikoki mu zagaye wutar, hayaƙi na cin idanunmu, ita kuma tana juya tarwaɗa tana ba mu labari.

Akwai ɗaya da ba ta cika bayarwa ba. In za ta fara shi sai ta ce, "Ku matso. Wannan daga ruwan gishiri ya zo."

Wai wani masunci ne daga bakin kogin nan ya tafi gaɓar teku da amaryarsa, ya sami aiki a wani tsibiri. Can gaba da tsibirin akwai wani dutse shi kaɗai cikin ruwa, a kansa Turawa suka gina doguwar hasumiya mai fitila, don kada jiragen ruwa su afka masa. Mutumin ke kunna ta. Sau ɗaya a wata kwalekwale ke kai masa kananzir da gari. Matar tana tsibiri. Kowace yamma takan fito bakin gaɓa, in fitila ta kama ta san yana raye, sai ta koma ta ci tuwonta.

Wata damina teku ta haukace, kwalekwale ya kasa zuwa har makonni. Fitila dai tana kamawa kullum. Ran nan ba ta kama ba. Da ruwa ya lafa aka je, sai aka tarar da shi zaune a kan matakala, rai ya yi halinsa. Buhun gari ya ƙare tuni. Kananzir kuwa da saura.

Na taɓa tambayarta, "Kaka, matar ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba. Ta ɗaure kayanta ta dawo gida, tana da ciki. Miƙo mini icen can."

Sai ranar da Kaka ta rasu babana ya gaya mini cewa shi ne cikin.

Da ina yarinya na ɗauka labarin riƙon amana ne, labarin mutumin da bai bar aikinsa ba. Bara aka kira ni a waya aka ce kamiyon mijina, motar kayan da yake tuƙawa, ya kife a hanyar Kwatano, shi kuma bai kai asibiti da rai ba. Ina tankaɗen gari lokacin. Na ce to, na ajiye wayar, na ƙarasa tankaɗen. Mata suka cika gida suna kuka, ni ina kallonsu kamar daga nesa. Har na ji wata tana cewa ba ni da tausayi.

A lokacin na gane ba labarin mutumin ne Kaka ke ba mu ba. Nata take bayarwa, ta hanyar da za ta iya faɗinsa ba tare da muryarta ta karye ba. Ni har yau ban sami hanyar faɗin nawa ba. Yarana kan ce in ba su labarin babansu, sai in ce su bari sai gobe.