Ranar da Inna Ta Ga Habibu

Wata Juma'a ce a watan Maris na shekarar da nake aji biyar, lokacin da bangon gidajen Guangzhou ke tsattsafo da ruwa kamar suna gumi. Na dawo daga makaranta na tarar da ƙofarmu a buɗe, wani Basine mai shuɗiyar riga durƙushe a falo yana huda bango. Abba na tsaye a kansa, ko hular da ya je Masallacin Huaisheng da ita bai cire ba. Umma na ɗaki tana jijjiga ƙanena Habibu, wanda aka yi sunansa a makon, ƙarar injin ta hana shi barci. Mutumin ya zuro wata farar waya mai kauri irin ta talabijin, ya murɗa ta a bayan wani baƙin akwati, fitilu suka kama kore, ya ce "Hao le, laoban," wato an gama maigida, ya tattara kayansa ya fice. Duk muka ɗauka an gama.

Ba mu daɗe da tarewa a gidan ba. Wani dogon bene ne a bayan titin Huanshi Lu, matsattse, kullum da ƙanshin soyayyar tafarnuwar maƙwabta a matakala. Abba yana saro wandunan jins daga garin Xintang yana aika wa 'yan Kantin Kwari, don haka rabin falonmu diloli ne, a bayansu nake ɓuya in Umma na nemana wanke-wanke. Da yamma nakan sauka tsakar benen mu yi tsallen roba da 'yan matan Sinawa, sai Umma ta leƙo ta tsakanin shanya ta ƙwala min kira in je in sayo gurasa. Amma aikin da nake ji da shi a gidan shi ne kula da saba. Wata tsohuwar kwamfuta ce marar allo da ke ƙarƙashin tebur, ba a kashe ta dare da rana. A cikinta Abba ke zuba hotunan kaya, abokan cinikinsa su shiga daga Kano su zaɓa. Umma na kiranta "mai minshari". Ni ke goge mata ƙura da tsohon burushin haƙori, in sanyi ya zo kuma in ɗora ƙafafuna a kanta ina aikin gida.

A wannan karon ba hoton wando kaɗai ke cikinta ba. Inna, mahaifiyar Abba, tana Kano idonta yana tafiya. Likita ya gaya wa Kawu Sani, ƙanen Abba, cewa ɗan hasken da ya rage mata ba zai jima ba. Ita kuwa a kowace waya maganarta ɗaya ce: "Ni dai in ga yaron nan." Hoto ƙarami ba ta iya rarrabewa, sai abin da ke motsi a babban allo. Shi ya sa Abba ya ɗauki bidiyon ranar suna, amma ya yi wa imel nauyi, sai aka shirya Kawu Sani ya je kafe ya sauke shi daga sabarmu.

Sai ga shi sabuwar wayar intanet ɗin ta zo da nata halin. Mu muna iya fita intanet, amma ba wanda ke iya shigo mana. Saƙon Kawu Sani ya iso da kalmomi kaɗan: "Yaya, ba ya buɗewa."

Asabar da Lahadin nan Abba bai je kasuwa ba. Shafin saita rautar, wato baƙin akwatin nan, gaba ɗaya da rubutun Sinanci yake, sai ya ja min kujera kusa da tasa. Ni na san haruffan ban san abin da suke nufi ba, shi ya san abin da ake nufi bai san haruffan ba. In na karanta masa kalma in fassara ta yadda na iya, sai ya shafa gemu, can ya ce in danna. Da haka muka ba sabar adireshi tsayayye, don kada lambarta ta riƙa canzawa duk sanda aka kunna rauta. Da haka muka buɗe mata ƙofa. Na tambaye shi wace irin ƙofa ce ba ƙyaure, ya ce, "Ummi, in baƙo ya yi sallama a zaure, ai sai an san ɗakin da za a kai shi." Umma na kawo mana shayi tana kwashe kofuna, na kuma lura duk sanda wayar Abba ta yi ƙara sai ta tsaya cak.

Duk da haka bai buɗe ba. Da yammacin Lahadi Abba ya gano dalili: adireshin da kamfanin intanet ya ba mu na haɗaka ne, mu da gidaje da yawa, ba wanda zai iya nemo mu da shi daga waje. Sai an kira su an roƙi namu na kanmu. Sinancin Abba na ciniki ne, bai wuce gaisuwa da farashi ba. Ya miƙo min wayar.

Ban taɓa magana da babban da ban sani ba a waya. Na maimaita wa matar da ta ɗauka abin da Abba ya koya min. Ta ce "Mei you," babu, irin yadda masu shago ke faɗa ba tare da sun ɗago kai ba. Abba ya yi min alama in sake. Na sake, ta sake cewa babu, sannan ta tambaye ni me ƙaramar yarinya za ta yi da irin wannan abu. Abba ya ce in ce mata na kasuwanci ne. Ni kuwa sai na ji bakina yana faɗin wani abu dabam. Na ce kakata tana wata ƙasa mai nisa, idonta ya kusa rufewa, kuma ba ta ga ƙanena ba. Sai na ji tana danne-danne. Ta ce mu kashe akwatin, mu ɗan jira, mu kunna. Kafin ta ajiye ta ce, "Jaririn yana da ƙiba?" Na ce yana da ita. Ta yi dariya. Da muka sake kunna akwatin, ƙofar ta buɗe.

Kwanaki Kawu Sani ya yi yana zarya kafe, a ɗauke wuta ya koma gida, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya. Da ya kammala ya ari kwamfuta, ya saki labulen ɗakin Inna, ta matso da fuskarta har hancinta na taɓa allo. Ranar ita ta sa aka kira mu. Ina jin muryarta daga inda nake zaune tana ce wa Abba: "Na gan shi. Kunnuwan babanku ne sak. Ga shi yana hamma, ja'iri. Allah ya raya." Abba ya amsa da amin, ya miƙa wa Umma wayar, ya fita baranda ya tsaya cikin shanya ya daɗe bai shigo ba.

Kafin azumin shekarar idon Inna ya rufe gaba ɗaya, kuma Allah ya yi mata rasuwa kafin mu samu zuwa gida.

Yanzu komai a tafin hannu yake. Ina tafe a titi zan kira Kano in ga fuskar kowa, har mu gaji da juna mu ajiye. 'Ya'yan Kawu Sani kan turo min bidiyo da yawa a yini, wasu sai an kwana biyu nake buɗewa. Ba na cewa wahalar wancan lokacin ta fi, amma a lokacin gida guda kan tsaya cak saboda tsohuwa ɗaya ta ga jariri yana hamma, kuma ina kewar wannan. Habibu ya zama saurayi, ya fi Abba tsawo. Wani lokaci yakan ce shi bai san Inna ba, sai in ce masa ita ta san shi.