Kifin Da Ya Kwana A Siton Baba

Shekarar da kowa a Illela ke gina sito, Baba ya sayar da shanunsa kaf ya gina nasa a bakin hanyar iyaka. Ƙato ne, tirela na shiga ciki da baya. Burinsa wani babban ɗan kasuwa ya kama haya ya cika shi da sukari da fulawa, shi kuma ya huta da yawon kasuwanni, don gwiwoyinsa sun gaji.

Fenti bai gama bushewa ba aka rufe iyaka. Ga situna birjik, babu kayan zubawa.

Da damina ta kawo kai, sai ga amininsa na ƙuruciya, mai bandar kifi daga Kalmalo. Iska ta yaye rufin rumfarsa, kwandunan kifinsa na fili, ya zo roƙon wurin ajiya. Kowa kuwa ya sani, in kifi ya kwana a sito warinsa ya shiga siminti ke nan, mai sukari ba zai ƙara kallon wurin ba. Ni ce babbar 'yar Baba, kuma bakina ba ya shiru.

"Baba, wanga sito shi ad duk abin da ka mallaka hwa."

"Na sani, ɗiyata. To mi za ni ce mishi? Kihinka shi ruɓe, ina jiran baƙon da ban taɓa gani ba?"

Kifi ya yi damina guda a ciki.

Da aka buɗe iyaka, haya ta yi tashin gwauron zabo. Muka wanke daɓe da omo, muka kwana uku muna turare. Dillali ya kawo mai sukari. Mutumin ya shiga, ya ja numfashi sau ɗaya, ya yaba rufi, ya tsallaka ya kama siton maƙwabcinmu. Na yi kuka don haushi. Baba ya raka shi har mota yana sa masa albarka, washegari ya ɗauki sandarsa ya koma kasuwa. Har Allah ya karɓi ransa bai huta ba, ban kuma taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Ina kewarsa ƙwarai.

Yanzu siton yana hannuna. Masu kifi da masu daddawa ke haya kusurwa-kusurwa, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Magini ya ce in aka fasa daɓen aka sake yaɓe, warin zai tafi, manya su zo. Shekara uku ke nan ina ce masa ya bari sai bayan damina.