Mai Neman Dalma a Garejin Halidu

Wani baƙo yana tsaye bayan garejin Halidu a Madawa, gaban wata jar motar tsere ƙirar Italiya da ta mutu nan tun zamanin mahaifin Halidu. Ya ce shi mai zubin tukwane ne daga Buza, dalmar jikinta yake so ya narkar.

Halidu na kallon hannuwansa. Duk mai zubin da ya sani yatsunsa tabon wuta ne, kuma da ƙafa yake taɓa tsohon ƙarfe. Wannan kuwa hannunsa sumul. Yana zagaya motar a hankali kamar mai duba majinyaci. Ga shi ya durƙusa da farar shaddarsa cikin baƙin mai, ya tofa yawu a hankici, yana goge wata 'yar lamba a gefen injin, leɓɓansa na motsi. Wa ya aiko shi? Wataƙila masu tayar da tsofaffin motoci a ƙetare, da suka daɗe suna neman lambar nan.

"Malam, tukunya nawa za ta yi?" in ji Halidu.

Baƙon ya ninke hankicinsa, idonsa na kan lambar.

Halidu ya jawo tamfol ya rufe motar. "Kazata na kwanci ciki. Ka tahi, sai ta ƙyanƙyashe."