Facin da Tela Ta Gani

A shekarar da ɓera ya ci farin labulen ɗakin karatu ne Hedimasta ya fara sanin Tela, yau shekara ashirin da bakwai ke nan. A kan labulen ake haska majigi duk ranar Asabar da la'asar. Tsofaffin finafinan zane ake nunawa, irin waɗanda aka zana da hannu hoto bayan hoto, babu magana a cikinsu sai kiɗa. Hedimasta kan zauna gefe, bayan wani tebur mai shimfiɗa har ƙasa, yana warware wa jama'a ma'anar abin da suke gani. Akwai shi da iya magana, ya kuma san da hakan.

An kira Tela ne, wata mai ɗinki, ta toshe ramin da ɓera ya yi wa labulen. Ba ta gama ba har jama'a suka cika, sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, allurarta soke a ɗankwali.

Fim ɗin ranar faifai biyu ne, kuma sun iso ɗakin karatun babu takarda, farkonsu a tsinke. A faifan farko ana ganin wani tsoho da jar riga duk faci, yana tafe shi kaɗai. A na biyu sai ga shi da ƙarfinsa, da sabuwar riga, da mata mai koren zane. Shekara biyu Hedimasta yana fassara shi da cewa wahala ce ke wucewa. Tsufan farko, in ji shi, tsufan talauci ne, mutum in ya jure sai ya sake ƙuruciya.

Da aka buɗe tagogi sai aka ji murya daga bakin ƙofa.

"Malam, a gafarce ni. An sa muku fim ɗin nan baibai."

Akawun ɗakin karatu ya kwashe da dariya. "Ke mai keke, nan ba shagon ɗinki ba ne. An gama toshe rami, a kama hanya."

 Da kalma ɗaya Hedimasta zai iya sa a fitar da ita, ba mai cewa uffan. Amma ya daɗe yana koya wa yara cewa mai tambaya ba a korarsa.

"'Yata, matso. Me kika gani?"

"Riga ɗaya ce, Malam. Aljihun hagu a karkace yake a duka biyun, telan da ya ɗinka shi bai iya ba. Facin kuma duk kore ne, daga zanen matar aka yanko. Ni dai ban taɓa ganin an yanki ƙyalle daga zane, zanen ya koma cikakke ba."

Ya sa mai majigi ya fara da faifai na biyu, aka sake kallo. Sai ga labarin ya miƙe. Rigar tana tsufa, zanen matar yana gajarcewa, duk inda rigar ta yage sai kore ya rufe wurin. A faifan da yanzu ya koma na ƙarshe babu matar, sai tsohon yana tafe da koren zanenta a jikinsa.  Hedimasta ya miƙe ya cire tabarau.

"Jama'a, shekara biyu ina ɓatar da ku da zuciya ɗaya. Wannan baiwar Allah ta fi ni ido." Ya jawo kujera ya ajiye a gefensa. "Daga yau nan ne wurinta."

Tela ba ta taɓa shiga aji ba. Shagonta wani siririn ɗaki ne tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo, keke ɗaya, almakashi biyu, da buhun ragowar ƙyalle da ba ta yarda a zubar. Da keken nan ta rene 'ya'ya uku. Amma ko aiki ya kai mata wuya, Asabar da la'asar a rufe shagon yake. Takan ce duk mai zanen da ya ɓata kwanaki yana zana maɓalli, to maɓallin yana da abin faɗa. Hedimasta ya duba sama da tsuntsaye, ita ta duba bakin wando da launin zare. Suna musu kamar uba da 'ya.

"Malam, yau ma kun hau sama kun bar mu a ƙasa."

"Ke kuma ko wata aka nuna miki sai kin nemi inda aka ɗinke shi."

Shekaru suka tura, yanar ido ta fara rufe wa Hedimasta gani a hankali. Ya ɓoye iyakar ɓoyewa, domin ya haddace finafinan. Sai wata Asabar ya tsaya yana bayanin tsuntsu alhali kogi ne a kan labule. Wasu suka yi ƙasa da kai, wasu suka murmusa. Akawu, wanda yanzu ya zama shugaban kwamitin ɗakin karatu, ya same shi a bakin ƙofa ya ce Asabar mai zuwa kwamiti zai zauna ya kalla. In bayani bai bi hoto ba, a hutar da tsoho.

Hedimasta ya koma gida. Ba ya tsoron hutu. Abin da ke cinsa shi ne a tuna da shi a matsayin wanda ya ga tsuntsu a cikin kogi.

Ranar Asabar ya saka farar rigarsa ya zauna bayan tebur. Fim ɗin jar riga aka zaɓa. Ana rufe tagogi sai ya ji an cusa masa wani abu a tafin hannu ta ƙarƙashin shimfiɗar tebur. Dogon zirin ƙyalle ne.

"Ku riƙe sako-sako, Malam," Tela ta raɗa masa. "Ni zan ja."

Majigi ya fara ƙara, zirin ya fara tafiya tsakanin yatsunsa. Ya taɓa wani ƙaramin aljihu a karkace, ya gane sabuwar riga ce a kan labule, sai ya buɗe baki. Maɓalli ya zo, ya san rana ta fito. Zare mai lanƙwasa ya zo, hanya ke nan. Da faci na farko ya iso ƙarƙashin babban yatsansa, mai kaushi, sai ya ce, "Ku dubi gwiwar hannunsa yanzu, sannan ku dubi bakin zanenta." Jama'a suka duba, ga shi kuwa. Faci bakwai ne a fim ɗin, bakwai ya taɓa, kowanne a kan lokacinsa. Bai taɓa yin bayani mai daɗin na ranar ba. Da zirin ya ƙare a wani ɗan ƙulli, ya ce, "Nan tsoho ya tsaya," kiɗan kuwa ya ɗauke.

Akawu ya zo ya gaishe shi da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, ashe idon na nan."

"Yana nan inda aka ajiye mini shi," in ji Hedimasta.

Da ɗaki ya watse ya juya wajen Tela. Ya san dare nawa irin wannan ɗinki yake ci, ya kuma san finafinan ɗakin karatu goma sha tara ne.

"'Yata, me zan ce miki?"

"Kada ku ce komai, Malam. Ragowar ƙyalle ne." Ta naɗe zirin ta jefa a jaka. Ya ji motsin waɗansu da yawa a ciki, a nannaɗe. "Kujerar nan da kuka jawo mini, shekara ashirin da huɗu ina zaune a kanta. Ku tashi in raka ku, akwai tudu a bakin ƙofa."

Ya yi shekara uku yana bayani bayan wannan, ba wanda ya taɓa ɗaga shimfiɗar teburin.