Ranar da Baba Direba Ya Riƙe Taswira

Baba Direba ya riga ni shiga shagonmu na kafinta da shekara tara. Mahaifina ne ya ɗauke shi aiki ina sakandare, kuma shi ya koya mini tuƙi a motar da muke kai kaya da ita. Da mahaifina ya rasu na gaji shagon da injinansa da kujerar ofis mai juyawa, na kuma gaji Baba Direba. Yau ga furfura a gemuna, amma Ƙaramin Oga yake ce mini.

Gajeren mutum ne, kullum da tawul a wuya ko ana sanyi. Ba ya kunna rediyo a mota, wai yana so ya ji abin da inji ke faɗa. Kowace safiya sai ya zagaya ya bubbugi tayoyi da ƙafa, ya ja igiyar da aka ɗaure kaya ya ji ƙarfinta, sannan ya shiga. Shekara ashirin da shida yana kai gadaje da kujeru cikin lungunan da keke ma sai ya yi tunani, bai taɓa goge fentin kowa ba.

Ni kuwa abin da Allah ya ba ni murya ce. Duk inda za a yi ribas, ni ne a bayan mota ina wurga hannu: "Zo! Zo! Can! Ba nan ba, can!" A ganina wannan shi ne shugabanci.

Wata Talata muka kai kabad mai dogon madubi gidan wata kwastoma. Ƙofar ƙunci gare ta. Ina "zo, zo" ɗina sai na ji ƙara, sannan na ce "tsaya". Madubi ya tarwatse. A gaban matar da maƙwabtanta na buɗe baki na wanke Baba Direba tas, har da tambayarsa ko idonsa ya ƙare ne. Shi kuwa sai ya sauko daga mota. Ya ari tsintsiya ya share gilashin.

Washegari ya leƙo ofis. "Ƙaramin Oga, ƙarshen wata zan ajiye mukulli."

"To," na ce, kamar ina da direbobi goma a aljihu. Ya juya ya fita. Ba na so ya tafi, amma girman kai ya hana ni faɗa masa, kwana goma ina wuce shi ina duba waya.

Sakatariyarmu ce ta gaji da shirun da ya cika shago. Ta kawo wani wasa da ake yi ta intanet, mutum huɗu, kowa da wayarsa, ana jin muryar juna. Uku suna ɗauke da ƙaton akwati a cikin wani gida mai duhu da ramuka, na huɗu shi kaɗai ke ganin taswira, shi zai fitar da su da baki. Ta sa ranar Asabar da la'asar, kowa daga gidansa: ni, da ita, da Mai Fenti na shagonmu, da Baba Direba. Da hannunta ta sa masa wasan a waya ta nuna masa inda zai danna, shi kuwa ba ya iya ce mata a'a.

Ba a ma tambayi wa zai riƙe taswira ba. Na riƙe.

"Ku yi can!"

"Can ina, Oga?" in ji Mai Fenti.

"Can mana! Ku matsa kaɗan. Ba haka ba!"

Suka faɗa rami. Muka sake, suka sake faɗawa. A karo na bakwai maiɗakina ta zo wucewa da kwandon wanki, ta tsaya tana kallona.

"Maigida, wa kake nuna wa labule? Su fa ba sa ganin hannunka."

Na duba. Ga hannuna a miƙe, yatsa a tsaye, ina zaune ni kaɗai a falo.

"Oga, ko za ka ɗan huta a ba Baba ya gwada?" Sakatariya ta faɗa a hankali.

"A ba shi mana," na ce da gatse.

Nan take fuskar wayata ta yi baƙi. Ba na ganin komai sai gefen akwatin da nake riƙe da shi. Wasa ne, na sani, amma wallahi sai na rasa inda zan sa ƙafa. Sai ga muryarsa, ba sauri ba tsawa.

"Ƙaramin Oga, taku uku gaba. Akwai kwana tana zuwa, kar ka juya tukuna. Yanzu. Hagunka, ba haguna ba. Mai Fenti, kai ke tafiya da baya, jira shi. Madalla."

Kafin abu ya zo ya gaya maka. Sau ɗaya garaje ya sa na daki bango, na ɗaure fuska ina jiran irin abin da ni nake yi wa mutane. Sai ya ce, "Ba komai, dawo baya taku ɗaya." Tashi ɗaya muka fita da akwatin lafiya. Mai Fenti na ihu, Sakatariya na tafi, ni kuwa kunya ta rufe ni har na kasa dariya.

Ranar Litinin na same shi yana goge gilashin mota.

"Baba, tsakani da Allah, in ina yi maka jagorar ribas, kana gane abin da nake nufi?"

Ya ninke tsumman hannunsa.

"Gaskiya ban taɓa ganewa ba. Madubin gefe nake kallo. Ranar kabad ɗin nan ne ka tsaya daidai ka tare mini shi, sai na ce to, bari yau in bi muryarka."

Shekara goma sha bakwai ina ihu a bayan mota, sau ɗaya tak aka saurare ni, kuma ga abin da ya faru.

"Baba, ka yafe mini. Na yi maka rashin kunya, kuma laifin nawa ne. Don Allah ka zauna."

"Yafiya kam tun ranar na yafe, ɗana. Da a satin da abin ya faru ka faɗi haka, da ba inda za ni. Amma na jira ka, ban ji komai ba, na je na yi wa wata makaranta alkawarin jan motar ɗalibai. Ka san ni da alkawari."

Na san shi. Shi ya sa ban ƙara roƙo ba.

Ƙarshen wata ya ajiye mukulli a teburina, ya gaya mini tayar baya ta dama tana son canji kafin damina. Na raka shi har bakin titi. Idona ya cika da ruwa. Da motar haya ta tsaya ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya waiwayo.

"Asabar ƙarfe huɗu, Ƙaramin Oga. Ka yi cajin wayarka."