Asabe da Layin Zomkom

Ku da kuka san ƙawata Asabe, kun san ba ta taɓa tambayar mai kaya ko kayansa na da kyau ba. Kwandon mata take leƙawa. Cewa take, "Bakin mai talla zuma ne, kwandon mai saye shi ne shaida." In ta ga mata uku da kifi, to ranar kifi za a ci a gidanta, ko da tattasai ta fito nema.

Wata rana a unguwar Paspanga ta hangi dogon layi, ta shige ba tambaya. Tun hantsi har azahar! Da ta iso gaba, ashe rigakafin jarirai ake yi. Malamar asibiti ta ce, "Yaaba," wato kaka ke nan, "ina jikan naki?" Asabe ta miƙa dantse ta ce, "Tunda na riga na tsaya, 'yata, soka kawai."

Ana nan, ana nan, sai 'yata Rabi ta gudo daga Abijan lokacin rikici, da yara huɗu, ba miji, ba jari. Ta kafa tebur a bakin titinmu na Zongo tana sayar da zomkom, ruwan geron nan mai citta. Kwana uku ko ƙuda bai sauka ba. Ta ce mini gobe za ta naɗe tebur.

Asabe ta ɗanɗana, ta ce, "Ba sukari ya rasa ba, mutane ya rasa."

Washegari ta tattaro mu tsofaffi shida, kowa da kwanonta. Ta jera mu, ta ce mu yi faɗa.

Na ce, "Asabe, da furfurata?"

Ta ce, "Ke dai ture ni!"

Na ture ta. Ta kurma ihu, "Wallahi na riga ki! Rabi, kar ya ƙare ban samu ba!" Mu karɓa, mu zagaya bayan gida, mu juye a tukunya, mu dawo layi. Masu babur suka fara tsayawa. Kafin la'asar har 'yan unguwar Wemtenga sun shiga sahu.

Can sai na hangi Asabe a ƙarshen layi, tana kwance bakin zane za ta ciro kuɗi.

Na ce, "Ke kuma fa? Ai wasa ya ƙare."

Ta harare ni. "Hadiza, dubi jama'ar nan! Duk su yi kuskure?"

Yau da teburin nan yaran Rabi ke zuwa makaranta. Allah ya jiƙan Asabe, ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita ruwan Alkausara. Amin.