Ranar da Taubashina Ya Aske Gambar Iyaka

Wayata ce ta tona mani asiri gaban mai gari da dattawa, kuma ita ɗin ce dai ta wanke babana daga zargin cin iyaka. Bidiyo guda, minti biyu da 'yan kai! Wallahi ko na tsufa haƙora sun zube ba ni mance wannan rana. Yau da nike rubuta wanga abu murna ce fal cikina, sakamakonmu na lakwal, wato makarantar aikin gona, ya fito kuma na haye, amma ku bari in ba ku labarin daga tushe, ku ga irin ɗan baƙin cikin da na taɓa zama.

Lokacin ina kwaleji a Korgom, ƙarshen bakans, wato dogon hutun makaranta, gero ya nuna ana shirin girbi. Muna da wata saura bisa tudu bayan gari, shekara biyu ba a noma ta ba, ciyawa ta tashi har ƙirjin mutum. Ni da Baba muke yankanta da lauje don tumaki, mu yi sati guda duƙe, bayana kamar ya tsage. Ran nan sai gwaggota ta aiko daga Tasawa, wai mijinta ya sayi ƙaramar tarakta mai injin yankan ciyawa a baya, ɗanta zai kawo ta ya rage mana aiki.

Ɗan nata taubashina ne, sa'ana, wata uku kawai ya ba ni. Tun muna ƙanana komi nashi ya fi nawa. Shi aka fara saya ma keke, shi ya fara riƙe waya mai taɓawa, ni sai da ya gaji da tashi aka turo mani ita da fasasshen gilashi. To ran da ya shigo garinmu bisa wannan tarakta, ja wur, da tabarau baƙi, hannu guda bisa bolan, wato sitiyari, sai na koma gefe ina hararen shi. Yara na bin shi da gudu. 'Yan matan da ke bakin rijiya suka aje guga suna kallo, har da wadda na yi wata shida ina gaisarwa tana amsa mani da ka.

Ya diro ya ce, “Bawana, zo karɓi jakar ubangidanka mana!”

Na ce, “Kai ne bawa, ɗan birni. Ka san bambancin gero da dawa kuwa?”

Kowa ya yi dariya, wasan taubasai ne, amma ni tawa dariyar iyakarta leɓe. Inna ta dama mashi fura ta zuba nono kamar ba gobe, ni aka miƙo mani ta jiya. Baba kuwa ya zagaya taraktar nan ya fi sau biyar yana cewa, “Kai, yaron ga ya yi kai. Allah ya yi maka albarka.” Ni da na shekara biyar ina bin shi da lauje ban taɓa jin wannan kalma da irin wannan murya ba. Na roƙi taubashin nawa ya bar ni in ɗana ko zagaye guda. Ya ce, “A'a mon ami, wagga ba amalanke ba ce. Bisa tudu in ka bi ta gicciye kifewa take. Sai dai ka hau miƙe ka sauko miƙe. Kai dai tsaya ka yi mani hoto.”

In yi mashi hoto! Wannan magana ita ta ƙarasa ni.

Washegari da hantsi muka hau tudun. Baba zai tafi jana'iza wani ƙauye, sai ya ce mani, “Ka nuna mashi iyaka, ka ji ko? Kada ya taɓa gambar nan.” Na ce to.

Ga waɗanda ba su sani ba, mu nan ba siminti ko waya muke sa ma gona ba. Gamba ake dasawa a jere, wannan doguwar ciyawa da ake saƙa zana da ita, ita ce iyaka. Tamu kuwa tana da tarihi. Kakana da mahaifin maƙwabcinmu sun daɗe suna rigima kan wurin, har aka sasanta su aka dasa gambar gaban shaidu. Kuma layin ba miƙaƙƙe ba ne, yana da wata kwana a tsakiya, nan ne ainihin inda aka yi ta faɗa. Duk ɗan garinmu ya san wannan. Ɗan Tasawa kuwa, ciyawa duk ciyawa ce a idonshi.

Ya fara aiki, kuma gaskiya abin da kyau. Ya hau, ya sauko, ciyawa na kwanciya bayanshi shar shar, ƙamshinta haɗe da hayaƙin man gazuwal. Abin da muke yi a kwana biyu ya share kafin rana ta yi zafi. Ni ina zaune ƙarƙashin aduwa ina cizon yatsa. Sai na ga ya doshi gambar. Ina da lokaci, wallahi ina da shi. Da na miƙe na ɗaga hannu ya gan ni. Amma sai wata zuciya ta ce mani, ƙyale shi, bari yau Baba ya ga mai kan nashi. Na zaro waya na danna bidiyo, ina dariya ƙasa ƙasa ina magana, don in tura ma 'yan ajinmu.

Injin ya shiga gambar nan ya yi mata aski. Ga shi ya sa wuƙar ƙasa sosai, wurin kuma rairayi ne, sai ta rinƙa tumɓuke gindin gaba ɗaya. Bai tsaya nan ba, ya faɗa saurar maƙwabcinmu ya share ta ita ma, yana ɗago mani hannu wai in ɗauke shi da kyau. Kafin azahar tudun nan ya zama fili guda, ba ka ce ga inda tamu ta ƙare.

Ni na ɗauka iyakar abin Baba ya yi mashi faɗa. Ashe ban san komi ba.

Da la'asar maƙwabcinmu, wani dattijo mai zafin rai, ya kai ƙara wurin mai gari. Bai ko ambaci taubashina ba. Cewa ya yi, “Ranka ya daɗe, shiri ne. Ya ɗauko inji daga birni, ya tsiri tafiya jana'iza don a ce ba ya nan, ya sa aka shafe iyaka. Abin da ubanshi bai samu ba shi yake so ya ci.” Kun san mi ake nufi da a ce mutum ya ci iyaka a ƙauye. Ba a sake sa shi shaida, ba a sake ba shi amana, har 'ya'yanshi abin na bi. Baba ya rantse, dattijon ya ce rantsuwa ba ta maido gamba. Taubashina ya tuɓe tabarau, idonshi ya yi ja, yana ta cewa, “Kawu, wallahi ban sani ba, ba wanda ya gaya mani.” Baba ya waigo ya dube ni. Da ya mare ni da ya fi mani sauƙi.

Wayar na aljihuna kamar garwashi. Na yi ta lissafi, in na fiddo ta na mutu, in na ɓoye ta Baba ya mutu da ranshi. Can dai na matsa na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, akwai bidiyo.” Na yi wayo na kashe murya tukuna. Aka taru bisa fasasshen gilashin nan. Ga gamba tsaye, ga kwanar ta bi ta gabas da wani suri, kowa ya gani sarai. Na ce alhamdu lillahi, na sha.

Sai dattijon ya ce, “To mun ga iyaka. Amma wa ya ce ba a sa shi ba ne? Yaro, abin nan ba ya magana? Buɗe mana mu ji.”

Jama'a, na buɗe. Muryata ta fito tas gaban kowa: “Ku kallo ɗan birni zai aske iyaka, bai san ko mi ce ce ba! Baba ya ce in hana shi, ni kuwa ba ruwana. Yau za mu ga ƙarshen iyayi!” Har da 'yar dariyata a ƙarshe, hihihi, kamar akuya.

Sai dattijon ya dubi Baba ya ce, “Malam, ka yafe ni, na zarge ka a banza. Ɓarawon ashe cikin gidanka yake, kuma ba gona yake so ba.” Mai gari ya yanke cewa a kafa turaku bisa layin yadda bidiyon ya nuna, in damina ta faɗi ni kaɗai zan sake dasa gambar da hannuna, kuma zanar da dattijon zai yi bana ni zan nemo mashi ciyawarta.

A hanyar gida taubashina bai kula ni ba sai da muka kusa ƙofa. Sannan ya ce, “Don tarakta kawai? Kai ko, da ka san sau nawa babana ke ce mani in yi koyi da kai, wai kai ka san gona ni ban san komi ba sai yawo.” Ashe shi ma yana da nashi ciwon, kuma ni ne.

Damina ta zo, na yi kwana tara ina raba gindin gamba ina dasawa, tafin hannuna duk ya yi kanta. Rana ta uku sai ga shi ya zo bisa moto, wato babur, ya naɗe wando ya kama mani. Da kaka ta zagayo ya ɗora ni bisa taraktar ya ce, “Hau miƙe, sauko miƙe, bawana, kuma ka bar mana gambarmu.” Daga nan son aikin ya shige ni har ya kai ni inda nike yau. Ɗazun da sakamako ya fito shi na fara kira, ya yi ihu har wayar ta ƙara tsagewa. Gambar kuwa yanzu ta fi ni tsawo.

Abin da na koya shi ne, ba sai ka ɗaga hannu ka yi ɓarna ba, shirun da ka yi don wani ya faɗi ma ɓarna ce, kuma sau da yawa ba bisa kanshi take sauka ba, bisa naka take sauka. Ni saura kaɗan ta ci sunan mahaifina. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura ma wani, musamman wanda kuka san yana zaune ƙarƙashin aduwa yana cizon yatsa.